Yaƙin Takardar Awara

Da hantsi ne, wata Talata a tsakiyar damina, ruwan asuba ya ɗauke, rana ta fito tana ƙyalli kamar ba ita ce ta ɓuya jiya ba, sai ga Malam Tanimu ya iso bakin aiki. Tanimu ɗan Barmo, jikan Jatau Mai Rumbu, tsatson gidan da gara ta yi wa mubaya'a, zuriyar da ba a taɓa jin damin gero ya ruɓe a hannunta ba. Garkuwar Takardu, Dodon Ɓeraye, Ma'ajin ɗakin adana tsofaffin rubuce-rubuce na jami'a, mai mabuɗi a wuya kamar laya. Allah Ya ja zamaninsa, ko da yake daular tasa ba ta wuce daga ƙofa zuwa taga ba.

To, a cikin wannan daula akwai wani kwali. Wani Ba'amurke ne marubucin wasan kwaikwayo ya taɓa koyarwa a jami'ar yana saurayi, ya tafi ya bar rubutun finafinansa na farko, wanda ya buga da tafireta. Daga baya ya shahara a ƙasarsu, ya mutu, sai kwalin ya zama abin alfahari. Sunan mutumin yana karya harshe, don haka Malam Tanimu ke ce masa Bature Mai Wasa.

Tun jiya Dakta Ladidi, shugabar laburare, ta yi masa kashedi: "Malam Tanimu, gobe da la'asar baƙuwa za ta zo daga Amurka ganin kwalin nan. Shafi ɗaya ya ɓace, ka ajiye mabuɗin, ka koma tsaron filin ajiye motoci."

Ai kuwa yana buɗe ƙofa, sai ya tarar maƙiyi ya riga shi shiga. Rufin ya yi yoyo, ɗigon bai zaɓi ko'ina ba sai kan kwalin. Ya taɓa takardun, ya ji su da danshi kamar sabon gero. Nan take jinin Jatau Mai Rumbu ya motsa a jijiyarsa, domin a gidansu abin da ya jiƙe hukuncinsa guda ne: shanya.

Sai sadaukin ya naɗe hannun riga, ya fito da rundunarsa filin daga, ya jera takardun Bature Mai Wasa sahu-sahu a kan dakalin laburare, ya ɗora wa kowace tsakuwa a ka, ya koma gefe ya harɗe hannu a ƙirji yana dubansu kamar amirul jaishi mai duba mayaƙa, alhali ɗalibai na wucewa suna tsammanin sanarwar jarrabawa ce aka baza.

Bai daɗe yana wannan izza ba sai gabas ta haɗa rai. Iskar hadari ta kawo farmaki ba sallama, ta bi sahu tana gwada kowace tsakuwa, har ta sami mai rauni a ƙarshen layi. Shafin ƙarshe na fim ɗin farko, wanda babu irinsa a duniya, ya tashi sama, ya yi juyi, ya haye shinge, ya sauka a kan tiren Inna Tasalla mai awara, daidai kan tsofaffin takardun da take ƙunshe wa masu saye. Ita kuwa, baiwar Allah, hannunta ya riga idonta. Ta ɗauka, ta zuba awara mai zafi, ta barbaɗa yaji, ta miƙa wa wani ɗan acaɓa, ya soke a aljihu ya buga babur.

"A tare! A tare shi! Tarihi ne a aljihunsa!"

Haka Dodon Ɓeraye ya yi kururuwa, ya tattare babbar riga, ya afka. Ya keta taron ɗalibai kamar yadda jarumai ke keta sansani, ya tsallake kwata, silifas ɗinsa na hagu ya yi shahada a cikin taɓo bai waiwaye shi ba, mabuɗi na dukan ƙirjinsa kamar gangar yaƙi, mai shayi ya biyo shi da ludayi, masu gadi biyu suka biyo mai shayi, wata akuya ta biyo masu gadi, ba wanda ya san abin da ake bi sai shi kaɗai. Ruwa ya fara yayyafi. Numfashi ya fara yi masa tawaye. Amma da ya tuna filin ajiye motoci, da rana, da usur, sai ƙafarsa ta ƙara wuta.

Ashe maƙiyin, wato ɗan acaɓan, bai ma san ana yaƙi ba. Ya faka a gindin wata bishiyar darbejiya don ya fake wa ruwa, ya buɗe ƙunshinsa. Saboda tsananin gudu, sai da Malam Tanimu ya wuce shi, sannan ya dawo.

"Baba, lafiya? Awarar kake so?"

"Takardar, ɗan nan. Don girman Allah, takardar."

"To bari in cinye mana, a ina zan zuba?"

Haka Garkuwar Takardu ya tsaya ƙafa ɗaya ba takalmi, yana haki, yana kallon ana dangwalar yaji a kan tarihin Amurka. Yaron mai tarbiyya ne, har ya ce masa bismilla. Malam Tanimu ya ɗauki ɗaya, don kada a ce ya raina.

Sai da ganima ta shiga hannunsa, ta sha mai har ana hango yatsa ta bayanta, sannan ya tuna ya baro sauran runduna a kan dakali, ga ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Innalillahi! Ya juyo da gudun da ya fi na farko. Yana zuwa ya tarar dakali wayam. A bakin ƙofar ɗakinsa kuwa, inda ruwa ba ya kaiwa, ga takardun nan a tattare, an naɗe su cikin leda, an kife faifai a kai. Ya ɗaga ido sama ya ce lalle albarkar kakanni ba ta ƙarewa.

Da la'asar baƙuwa ta iso, Dakta Ladidi na gefenta. Ta sa farar safar hannu, tana ɗaga takardun a hankali kamar mai ɗaukar jariri. Da ta zo kan shafin ƙarshe sai ta tsaya. Ta kai shi kusa da hanci, ta yi atishawa. Malam Tanimu ya kai hannu ga mabuɗi yana ban kwana da shi.

Sai ya ga idon baƙuwar ya kawo ƙwalla. Ta yi dogon Turanci da rawar murya, Dakta Ladidi ta fassara: wai wannan tabon hujja ce cewa marigayin yakan yi rubutu yana cin abinci, abin da masana suka daɗe suna gardama a kai, kuma za a sa shafin a gilashi. Dakta ta dubi tabon, ta dubi ƙafar Malam Tanimu mai taɓo, ta shaƙi ƙamshin yajin da ta sani sarai. Mabuɗi dai ya kwana a wuyan mai shi.

Da yamma, yana tsakiyar ba masu gadi labarin yadda ya yi artabu da babur, Inna Tasalla ta zo ta raɓa ta bayansa. Ta ɗauki faifanta da ta kife a kan takardun ɗazu, ta ajiye masa silifas ɗinsa na hagu da ta ɗauraye a famfo, ta koma wajen kaskonta. Bai ko juyo ba, domin a lokacin ya kai daidai inda ya tsallake kwata.