Rasuwar Sifirin da Yake Rusuna wa Inna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda na taɓa rage wa hanya, rasuwar sifirin na gaba na tsohuwar jif ɗinmu, wanda yake ƙarƙashin kujerar Inna. Ya rasu ranar Litinin da misalin ƙarfe biyu na rana, a tsakiyar kwazazzabon da ya raba unguwarmu da titin kwalta, bayan doguwar jinyar da muka daɗe muna kau da kai daga gare ta. Shekararsa goma sha tara a ƙarƙashin mota, kuma bai taɓa ganin rana ba sai jiya da aka kwanto shi.

Marigayi falle bakwai ne na ƙarfe da aka ɗaure wuri guda, kuma kansu bai taɓa rabuwa ba. Ba shi da yawan magana. In mun faɗa rami ya ce "ƙiii", in mun fito ya ce "ƙaƙ", iyakar surutunsa ke nan. Ya ɗauki siminti, ya ɗauki firij, ya taɓa ɗaukar mutum goma sha ɗaya a motar mutum biyar, bai kai ƙara wurin kowa ba.

Amma halin da za mu fi tunawa da shi ladabi ne. Da girma ya zo masa, sai ya rusuna. Motar ta karkata gefe guda, ƙofar Inna ta sauko ƙasa fiye da sauran. Bakanikenmu ya ce gajiya ce, a canza shi. Ni na ce a bar shi. Shekara huɗu ke nan ina kai mahaifiyata wankin ƙoda duk Litinin da Alhamis, gwiwoyinta kuwa sun ƙi lanƙwasuwa, kuma a duk motocin duniya wannan ƙofar ce kaɗai take iya hawa da ƙafarta. Takan kafa sanda, ta kama marfi, ta ɗora ƙafar dama, marigayi ya ce "ƙiii" a hankali, ta shige.

Wanda bai san Inna ba zai ce ai abu mai sauƙi ne, a sa mata kujera ta taka, ko a ɗaga ta. Mun gwada. Bara, ranar da jif take gareji, na aro motar maƙwabcinmu mai itace, na ajiye mata 'yar kujera a ƙofar asibiti. Kujerar ta zame a kan siminti. Kafin in ankara maza uku sun rufu a kanta, sun kinkime ta sun saka a mota, kowa yana sannu. Da muka iso gida, a bakin ƙofa ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ka ji da kyau. Ranar da aka sake kinkimata kamar buhu, ranar na gama zuwa asibiti." Inna ba ta maimaita magana, ba ta kuma janye ta. Likita shi ma ya faɗi tasa: in ta tsallake wanki ɗaya ƙafafu za su kumbura, in ta tsallake biyu numfashi zai fara gagara.

Ciwon ajalin marigayi ya soma ne da damina. Ruwa ya tafi da gada, ya bar mana kwazazzabo, kuma duk ruwan da aka yi sai ya ƙara cinye ƙasa, wani dutse a tsakiyar hanya ya ƙara fitowa. Ƙananan motoci sun daina bi tuntuni. Mu kuma cikin motarmu ya fara gogar dutsen, dab da tukunyar baƙin mai da ke ƙarƙashin inji. Muryar marigayi ta canza, "ƙiii" ɗin ya koma "ƙurrr". Na ji, na ƙara sautin rediyo. Wannan laifi nawa ne, kuma ina jin kunyarsa.

Ranar Litinin muna dawowa daga asibiti, Inna a galabaice kamar yadda takan fito, idonta a lumshe. Tayar gefenta ta hau dutsen ta sauka, sai na ji "ƙas". Sau ɗaya tak, ba da ƙarfi ba. Motar ta durƙusa ta gefen Inna, sitiyari ya fizge hannuna, muka tsaya tayar gaba tana leƙen ramin. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Inna ta buɗe ido ta riƙe ƙofa. Na kira bakanike, ya zo a babur, ya cusa guntun katako ya ɗaure da waya, muka rarrafa gida a giya ta ɗaya. Duk da ya karye, marigayi ya kai ta har ƙofar gida kafin ya saki gaba ɗaya.

Marigayi ya bar 'yan'uwa uku, waɗanda bakanike ya ce dole su yi ritaya tare da shi, don ba a haɗa sabo da tsoho a ƙafar mota ɗaya. Ya bar shokazoba huɗu masu yoyon mai, da noti takwas da tsatsa ta haɗa su zumunci na har abada, sai da aka yanke su. Ya bar jif a kan jak, ƙafafunta a sama. Ya bar ni, da ƙanena, da tambayar da ta hana ni cin abinci jiya: wane ne zai gaje shi, kuma inci nawa za a ɗaga motar?

Masu neman gadon uku ne, an shimfiɗa su a ƙasan gareji: kayan ɗagawa na inci biyu, na inci huɗu, da na inci shida. Ƙanena, wanda rabonsa da kai Inna asibiti tun kafin gada ta tafi, ya tsaya kai da fata a kan shida.

"Yaya, in za ka ɗaga, ka ɗaga. A sa mata manyan tayoyi, kowa ya gan ta ya kauce."

Bakanike bai ɗago daga ƙarƙashin mota ba. "Shida sai an ƙara tsawon tiyon birki, an taɓa farfelar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyi, kuma a kwana za ta riƙa layi. Tsohuwa za ka ɗauka ko kwalliya za ka yi?"

Ni zuciyata tana kan na inci biyu. Da safe, kafin in fito, Inna ta miƙo mini sandarta, ta ɗaure zare ja a jikinta. Ta ce, "Nan ƙafata take tsayawa. Kai wa mai gyaran." Na tsayar da sandar a gefen mota muka auna. Ko na inci biyun ya wuce zaren da yatsa uku, don sabon ƙarfe bai san rusunawa ba. Sannan bakanike ya ɗauke ni a babur har kwazazzabo, ya ɗora ma'auni a kan dutsen. Ya ce da biyu za mu wuce yau, ruwa ɗaya kuma tukunyar mai ta fashe, mu tsaya a tsakiyar rami da mara lafiya. Na zaɓi huɗu. Da bakina na faɗa, ina riƙe da sandar, ina kallon zaren da ƙofar za ta wuce da kusan taƙi guda.

Muna cikin haka wani maƙeri ya zo neman gawar, wai ƙarfen sifirin ya fi kowane ƙarfe yin adda. Na kusa ce masa ɗauki, sai na ga babban fallen, wanda bai karye ba, kwance a ƙasa da faɗinsa daidai tafin ƙafa in an jera biyu. Na hana.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Yau Laraba da yamma za a kai falle biyu mafi tsawo maƙera. Mai walda ya ce irin wannan ƙarfe ba ya son walda, yakan tsage, don haka za a gasa shi, a lanƙwasa, a huda, a ɗaure shi da noti a ƙarƙashin ƙofar Inna ya zama mataki. Zai tsaya yatsa biyu ƙasa da zaren. Ba zai zame ba, zan hau kansa da nauyina in gwada kafin in kwantar da raina. Inna ba ta sani ba tukuna. Ban san ko za ta gan shi a matsayin tsohon abokinta ba, ko kuma wata 'yar kujera ce da aka yi wa dabara. In ta ga kujera ce, za ta juya ta koma ɗaki, kuma ba mai iya fito da ita.

Za a yi masa rakiyar ƙarshe gobe Alhamis, ƙarfe bakwai na safe, a ƙofar gidanmu. Ba mu ce a yi masa addu'a ba, ƙarfe ne. Mu za a yi wa. Masu halarta su tsaya nesa, hannuwa a aljihu. Kada wanda ya ce sannu, kada wanda ya matso, har da ƙanena. Ni zan riga Inna shiga, in riƙe sitiyari da hannu biyu, in kalli gaba, don na san in na juyo hannuna zai miƙe da kansa. Zan kashe rediyo. In na ji "ƙiii", ko da ƙarami ne, zan tayar da mota.