Tsirkiyar Bakan Baba

Ba zan taɓa mantawa da ranar sadakar arba'in ɗin mahaifinmu ba, can gidanmu na Bengou. Baba maharbi ne tun yana saurayi, kuma cikin abin da ya bari har da wani tsohon baka mai lanƙwasassun kunnuwa, wanda shi ma wurin mahaifinsa ya gada. Ni kuwa, babban ɗansa, aikina cika takardun manyan motoci ne a wani biro, wato ofis, kusa da gadar Gaya. Ko ƙadangare ban taɓa harbi ba.

Da na ji abokansa maharba za su zo, sai na ƙudurta in tarye su da bakan a ɗaure, su san gidan bai mutu ba. Tsohuwar tsirkiyar ta ruɓe, don haka na sayo igiyar nailan wurin masunta. Abin da ya rage shi ne tazarar da ake bari tsakanin tsirkiya da jikin baka. Kawu Ɗanjuma, aminin Baba, katanga ɗaya ce tsakaninmu da shi, amma girman kai ya hana ni tambaya (ɗan maharbi guda, a ji yana tambayar ɗaurin tsirkiya?). A lissafina, iyakar faɗin tazara iyakar ƙarfin harbi. Na yi ta murɗa igiyar tana gajarta, na danne bakan da gwiwa har ya tanƙware kamar jinjirin wata, sannan na maƙala.

Bayan an shafa fatiha na fito da shi tsakar gida. Tsofaffin suka yi tsit. Ni na ɗauka girmamawa ce.

"Ɗana, wa ya ɗaura wannan?" in ji Kawu.

"Ni ne, Kawu."

"Miƙo shi in sassauta. Icen ya tsufa."

"Bari dai in gwada sau ɗaya, Kawu."

Na ɗora kibiya, na saita kututturen darbejiya, na ja. Ban kai rabi ba na ji ƙas! Kunnen sama ya tsage, kibiyar ta faɗi kusa da babban yatsan ƙafata. Daga bayan zana na ji Inna ta yi salati a hankali. Da dariya aka yi mini da ya fi sauƙi, amma ba wanda ya ko murmusa.

Kawu ya karɓi bakan da hannu biyu, ya kwance igiyar. Ya dunƙule hannu a kan mariƙin, ya ɗaga babban yatsa.

"Nan tsirkiya ke tsayawa," ya ce. "In ta gaza, ta doke ka a hannu. In ta wuce, ta ci icen. Ubanka in ya dawo daga daji, kafin ya sha ruwa sai ya kwance shi ya huta. Shi ya sa bakan ya iske ka."

Ban iya ɗaga kai ba. Hawayen da na riƙe tun ranar jana'iza a nan suka zubo, gaban baƙi.

Kawu ya tafi da bakan, bayan mako biyu ya dawo da shi an naɗe tsagar da jijiya da ƙaro. Ya ce harbi kam ya ƙare, sai dai rataya. Yana nan a ɗakin Inna, ba tsirkiya.

Ranar na gane cewa in an zo rabon gado, kaya ake rabawa, ba a raba sani. Yanzu ko ludayi aka bar mini, sai na tambayi ta ina ake riƙe shi.