Ranar da Suma'ila Ya Auna Tansiyonsa

"Ni fa, ciwo ko a bayan darni ya yi tari, na san sunansa, na san sunan ubansa! Shekara goma sha tara na yi a gidan likita a Damagaram. Babu majinyacin da ya taɓa shiga bai bi ta hannuna ba!"

Suma'ila ke nan, a gindin bishiyar bedi ta kasuwar Guna, yana gyara farar rigarsa mai maɓallai. Kuma ku ji, bai yi ƙarya ba. Gardi ne, wato maigadi. Shi ke buɗe ƙofa. Sai dai wannan ɓangaren labarin ya baro shi a birni, ya dawo ƙauye da abin sauraren ƙirji rataye a wuya kamar tsakiyar amarya. Matarsa Larai ta sani, amma ta ce ita ba a bakinta ba.

Ana nan sai aka ce za a zaɓi mutum guda da zai riƙa zagaya ƙauyuka, yana duba marasa lafiya yana turo su dispansar, wato ƙaramin asibitin garin, kuma za a ba shi babur sabo fil. Mutum biyu suka fito: Suma'ila, namu Dokta Sarkin Ƙofa, da Wasila mai taimakon ungozoma, wadda ta yi horo kuma ba ta da surutu. Majo Kassim, shugaban dispansar, ya ce ran Alhamis zai gwada su a gaban jama'a.

Suma'ila bai buɗe takarda ko ɗaya ba. Wajen wani malami ya nufa, ya karɓo kambun kwarjini, layu uku a ɗinke, kowace ta kai curin fura. Ya ɗaure a damtsen hagu, ya saki hannun riga a kai.

"Malam, da ka je Wasila ta ɗan tuna maka karatu," in ji Larai.

"Larai, shiga ɗaki ki share inda babur zai kwana."

Ran Alhamis da hantsi rumfar dispansar ta cika maƙil. Aka fara da Gambo, wani manomi, ya ce mako uku ke nan fitsarinsa ja wur. Suma'ila ko kallon kirki bai yi masa ba.

"Ƙoda ta fashe. Duka biyun. Gambo, ka yafe wa mutane."

Gambo ya fara salati. Wasila ta durƙusa ta ce, "Baba, akwai maganin da kake sha?"

Ya laluba aljihu ya fito da katinsa da ƙwayoyin tarin fuka. Majo ya dafe kai. "Baba Gambo, ban gaya maka wannan maganin yana rina fitsari ba? Ci gaba da sha, kada ka tsallake ko kwana ɗaya."

"Ka faɗa, Majo. Na ɗauka wasa kake."

"Abin da zan ce ke nan," in ji Suma'ila, "yarinyar nan ta tari numfashina."

Sai Kaka Fanta, tsohuwa mai baki kamar aska, ta ce jiri ke ɗibarta, in ta miƙe duniya juyawa take. Suma'ila ya cusa abin saurare a kunne, ya manna mata bakinsa a goshi.

"Kai, ɗan nan, me kake nema a goshina?"

"Shiru, Kaka, jirin nake saurare. Na ji shi. Yana tafiya da ƙafa huɗu."

Wasila ta ja fatar idon tsohuwa ƙasa, ta buɗe tafin hannunta. Fari fat. Ta ce, "Majo, kamar jini ne ya yi ƙasa. A auna mata, a nemo inda yake tafiya." Majo ya rubuta wani abu a takarda. Suma'ila ya leƙa, bai ga harafin sunansa ba.

Nan gogan ya ga babur na neman wucewa, sai ya zuge jaka ya fito da babban makami: injin auna tansiyo, wato hawan jini, mai aiki da batir, wanda ya sayo a kasuwar birni.

"Tansiyo ce ke damunta! Kaka, miƙo hannu."

"Wallahi ba za ka ɗaura mini wannan abin ba. Wanda ya nemi jiri a goshi? Gwada a kanka mu gani."

"To, ku matso ku ga yadda ake aiki!"

Ya naɗa abin a damtsen hagu, bisa riga, bisa kambu, ya manta sarai da shi. Ya danna. Inji na hurawa, shi yana lacca, yana wurga hannu, yana taunar goro. "Lafiyayye irina sha biyu bisa takwas. Wanda ya haura ashirin kuwa, na sha ganinsu, a kwance ake shigo da su, wani a kwance yake fita."

Inji ya yi ƙara. Suma'ila ya duba. Goron ya faɗo daga bakinsa.

"Nawa ne, Dokta?" in ji Kaka Fanta.

"Ashirin da uku bisa sha huɗu," ya faɗa da muryar ɗan tsako.

Ya sake dannawa. Ashirin da biyar.

Jama'a, mutum ya zube! Ya miƙe ƙafafu, ya juya da kansa ya fuskanci gabas, ya ce a kira masa Larai. Majo ya taso, ya ce masa ya tsaya a duba, ina! Ya riƙe ƙafar Majo gam.

"Majo, bari in wanke kaina kafin in tafi! Ni ba likita ba ne! Gardi ne! Ƙofa nake buɗewa, in hana masu tallan fura shiga! Ko allurar kaza ban taɓa yi ba!"

"Rigar fa?" wani ya jefo daga baya.

"Ta mai gidan burodi ce! Abin sauraren ma ba ya ji, a shara na tsince shi! Gambo, ka yafe mini ƙodarka!"

Larai ta iso da ludayi a hannu. "Malam, ka gama? Ni na ɗora tukunya."

Wasila ta warware abin awon, ta naɗe masa hannun riga. Sai ga kambu ya bayyana, ƙato, ya sha gumi, ya shaƙe damtse har ya yi shata. Dariya ta ɓarke a rumfa har awakin kasuwa suka watse.

"Baba Suma'ila, ba a awo bisa riga, balle bisa wannan," in ji Wasila. "Tofar da sauran goron, jingina, ka yi shiru minti biyar."

Wannan shirun shi ne aiki mafi wuya da ya taɓa yi a duniya. Ta auna ɗaya hannun, fata da fata. Sha uku bisa takwas.

Mamaci ya tashi zaune, ya karkaɗe rigar burodi, ya yi gyaran murya. "Dama gwada ta nake yi. Ta ci."

"Ta ci kam," in ji Majo, ya miƙa wa Wasila makullin babur.

"Ni fa, Majo? Shekara goma sha tara fa!"

"Ban manta ba. Ɗakin da babur zai riƙa kwana ba shi da gardi, kuma yanzu ka faɗi aikinka da bakinka a gaban shaidu."

Kaka Fanta ta ɗauki kambun da yatsa biyu ta jefa masa a cinya. "Riƙe abinka, ɗan nan. Ya yi aiki. Yau duk Guna ba wanda aka kalla kamarka."

In kun bi ta dispansar da safe za ku same shi bisa benci, makullin ƙofa a wuya inda abin saurare yake a da. Ku gaishe shi, zai gaya muku da kansa: babu ranar da babur ɗin nan ya taɓa fita bai bi ta hannunsa ba.