Rasuwar Kwamfutar da Ba Ta Amsa Sai Harafi Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Yakubu Mainasara, mai koyar da kwamfuta a bakin kasuwar Yelwa, nake sanar da rasuwar kwamfutata, Hajiya Fara, wadda ta cika ranar Laraba ana tsakiyar zafin bazara.

Marigayiya mai tsantseni ce. In ɗalibi ya rubuta mata umarni yana tambayar ko harafin "k" na cikin kalmar "kifi", sai ta ce gaskiya ne. In ya haɗa "kif" ya tambaya, sai ta ƙi amsawa. A tarbiyyarta kalma gida ce, haruffa mutanen gidan, kuma ɗaya-ɗaya ake sallama da su. Haka na koyar shekara da shekaru, ba wanda ya yi ƙorafi.

Sai Tamada, wanda ni na nuna masa inda ake kunna kwamfuta, ya dawo daga Kaduna da wata sabuwa baƙa, ya buɗe shago a tsallaken titi, daura da nawa. Tasa ba ta da kunya. Ka tambaye ta ko "Ali" na cikin "Aliyu", ta ce e. Ka bar wurin fayau, ba harafi ko ɗaya, ta ce shi ma yana ciki! Wai wannan ne ci gaba. Ɗalibaina suka tsallaka titi, har da Zuliha da ta fi kowa kai. Ni ba hassada nake ba. Fentin shagon ma bai yi kyau ba.

Don in dawo da su, na rubuta wa marigayiya dogon umarni mai bin haruffa a jere har ta gano guntun kalma, na kira su su gani. Ta yi "ƙirrr", ta yi "tik, tik", fuskarta ta yi duhu, ƙauri ya tashi. Tamada na tsaye bakin ƙofa yana shan lemo.

Ta bar allon bugawa da "a" ɗinsa ta goge, da linzami mai ɗingishi, da ni.

Za a kai gawar wurin Garba mai gyaran rediyo ranar Juma'a bayan la'asar, ya cire abin da zai amfani masu rai. Zaman makoki a shagona ne. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya daga Wara da Shanga su biyo ta bayan kasuwa, kada su ratsa ta gaban shagon Tamada, domin duk wanda ya leƙa ciki ba ya ƙarasowa.