Fizar Sallah da Cinyar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da Babbar Sallar da na kai wa surukina fiza ba. Ko na so in manta, matata Rabi ba za ta bari ba.

Ni malamin Ingilishi ne a nan Madarunfa, ana ce mini Mushe, wato Malam da Faransanci. Wata shekara aka tura ni ƙaro ilimi Ingila, na yi 'yan watanni na dawo a rame. Jama'a, mutanen nan ba su san yaji ba! Dankali dafaffe, ganye dafaffe, nama salam, da safe kuma wake mai zaƙi a kan burodi. Fiza ce kaɗai ta riƙe mini rai, wato faffaɗan burodi da ake zuba wa cuku da nama a gasa. Da Kirsimeti har ta biki suke yi, da naman talotalo da wani jan abu mai zaƙi. Na dawo ba ni da hira sai kushe girkin Turawa (har abokaina suka fara tashi in na zauna).

Da layya ta zo na ce mu ma za mu yi fizar Sallah. Kun dai san al'ada: ranar Sallah a banƙare rago a gasa, washegari a yi rabo, cinya kuma ta gidan surukai ce. To wannan cinyar na ɗauko na yayyanka ƙanana.

Rabi ta dafe ƙirji. "Mushe, cinyar Baba ce fa!"

"Ita zan kai masa," na ce, "amma a waye."

Na zuba naman a kan ƙullun fulawa, na yanka dabino don zaƙi, na kakkarya cukunmu busasshe a sama, na kai tandar mai burodi. Abin da ban sani ba, cukun Turawa narkewa yake yi, namu kuwa sai dai ya ƙara taurin kai. Fizar ta fito baƙa ƙirin, nama ya ƙanƙance, cuku kamar fatar takalmi. Na gaji, rana ta yi, cinya kuma ta riga ta tafi. Haka na goya Rabi a babur da fizar, muka nufi Safo, garinsu.

Na durƙusa na gaida Baba a zaure, baƙi cike. Ya buɗe faranti, ya daɗe yana kallo. Ya gutsura da ƙyar, ya yi ta tauna, ya yi ta tauna, ya kora da ruwa. "Madalla. Allah ya yi albarka," ya ce. Ba wanda ya yi dariya, wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Da la'asar muna gida sai ga amalanke daga Safo. Yayan Rabi ya sauko da cinyar rago guda, naɗe cikin takarda. Ya ja ni gefe ya rage murya.

"Baba ya ce kada ka damu. Bana abubuwa sun yi wa kowa tsada, ba kai kaɗai ba ne ba ka samu yin layya ba. Ya ce ku ba yara su ci nama."

Ga ragona rataye a bayan ƙyaure, ƙafa uku.

Tun daga ranar na daina zagin girkin Turawa. Su dai in sun ɓata abinci, a gidansu suke cinye kayansu, ba sa goya shi a babur su kai wa suruki.