Ranar da Na Jarraba Gwanin Barno a Jirgin Fito

Abubuwa da yawa sun shige mini duhu yanzu da tsufa ya zo, amma ba zan manta da ranar da na fara zama a majalisar malaman Haɗeja ba, ko da kuwa na so in manta.

Bari in fara da yadda al'adar take, saboda wanda bai sani ba. A garinmu, idan ɗalibi ya yi nisa a karatun ilimi, ya sauke manyan littattafan fiƙihu da nahawu, har yana son ya buɗe zaurensa ya karantar, ba malaminsa kaɗai ke ba shi izini ba. Manyan malamai ne ke taruwa a zauren babbansu, Malam Ilu, su sa shi a tsakiya su yi ta jefa masa tambayoyi. Malamin ɗalibin yakan zauna, amma ba ya cewa uffan. Kuma lallai sai an gayyato baƙon malami daga wata ƙasa, don kada a ce 'yan gida sun yi wa juna kara. In an gama, kowa ya faɗi ra'ayinsa, daga ƙarami zuwa babba. Wanda aka yarda da shi a ba shi ijaza, wato izinin karantarwa, a naɗa masa rawani. Wanda ba a yarda da shi ba ya koma gaban malaminsa, kuma duk gari sai ya ji.

A shekarar nan wani dattijo a majalisar ya rasu, aka ce ni zan maye gurbinsa. Ni ne mafi ƙarancin shekaru a cikinsu, gemuna ko furfura ɗaya babu. (Matata ta ce tun daga ranar tafiyata ta sauya, na koma taku kamar wanda ya ɗora tulu a kai. Na ce mata natsuwa ce.) Zamana na farko ya faɗo kan wani ɗalibi daga Guri, Habu, almajirin Malam Bukar, wanda ban taɓa gani ba. Baƙon kuwa an ce wani Gwani Modu ne zai zo daga Barno, mutumin da ake ta ba da labarin iliminsa.

Lokacin ruwa ya cika fadama, ni kuma ina da shinkafa a ƙetaren kogi, can na kwana. Da sassafe na yi wanka, na sa babbar rigata, na naɗa rawani mai hawa-hawa, na ɗauko kwandon bandar kifi da wani maƙwabcin gona ya ba ni, na gangaro mashiga. Ina shiga jirgin fito sai na tarar da wani ɗan siririn mutum zaune a gefe, riga duk ƙurar hanya, hula ba rawani, ya rungume gafakar littattafai don kada ruwa ya taɓa ta. Na yi masa sallama, na ce daga ina? Ya ce ta hanyar Guri ya biyo, zauren Malam Ilu ya nufa.

Nan take na gama lissafina: Guri, gafaka, zauren Malam Ilu. Wannan shi ne Habu. Na gyara zama na ce, "To, ka yi sa'a. Ni ina cikin waɗanda za su zauna yau."

Ya ce, "Madalla, Allah ya gafarta Malam. Ai ni ma..."

Na ɗaga masa hannu. Na ce, "Na sani, na sani. Kada ka ji tsoro, duk mun bi ta nan."

Mai fito na tura gora, ni kuwa na ga bai kamata lokaci ya tafi a banza ba. Na nuna ruwan kogin da ya yi ja saboda laka, na tambaye shi hukuncin alwala da shi. Ya amsa a hankali, da irin harshen mutanen gabas, ya kawo maganar malamai ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ban taɓa ji ba. Na gyaɗa kai kamar na san ta tun ina yaro. Na ce, "Ba laifi. Amma ka rage tsawaitawa. Majalisa ba ta son ɗalibi mai nuna ya sani." Ya ce ya gode da nasiha. Na ƙara masa tambayar gado, mai sarƙaƙiya, wadda ni kaina na sha wuya kafin ta zauna mini. Ya warware ta kafin mu wuce tsakiyar kogi. Na ce masa Malam Bukar ya yi ƙoƙari a kansa.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma tausayinsa ya kama ni, na ga ya dace in buɗe masa sirrin majalisa. Na rage murya na ce, "Liman kunnensa ya yi nauyi, in ya tambaye ka ka ɗaga murya. Malam Ilu kuwa, da rana ta ɗaga zai fara gyangyaɗi, kada ka damu da shi. Saura baƙon Barno. Mutanen can ka san su, rawaninsu ya fi karatunsu girma. Zai yi ta Larabci don ya firgita ka, kai dai ka dube ni, ina nan."

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, da ka bari na..."

Na ce, "Ba sai ka yi godiya ba."

Da muka sauka, laka ta yi yawa a bakin gaɓa, ina ta fama da tattare riga. Sai na miƙa masa kwandon kifin na ce ya riƙe mini, ai hidimar malamai tana buɗe ƙwaƙwalwa. Ya karɓa. Haka muka shiga ta ƙofar gari, ina gaba ina amsa gaisuwa, shi yana biye da gafaka a kafaɗa da kwandon banda a ka.

Muna isa zaure na ga malamai sun cika, ga wani saurayi a tsakiyar tabarma yana ta gumi. Ban ma tsaya tunanin ko wane ne ba, saboda abin da ya fi ɗauke mini hankali shi ne Malam Ilu, tsohon da ba ya tashi wa kowa, ya dafa sanda ya miƙe. Liman ya miƙe. Duk zaure ya miƙe. (Wallahi na ɗan ji daɗi, na ɗauka haka ake karɓar sabon ɗan majalisa.) Na buɗe baki zan ce su zauna, sai Malam Ilu ya wuce ni kamar ginshiƙin zaure, ya kama hannun mai ɗauke da kifina.

"Maraba da Gwani. Ina ayarin naka? Wane ne ya ɗora maka kaya?"

Gwani Modu ya sauke kwandon a hankali ya ce dawakai da yaransa suna ƙetare suna jiran babban jirgi, shi ya yi gaba don kada a jira shi. Game da kaya kuwa, ya ce, "Na abokin tafiyata ne. Mun sha hira."

Ban san yadda na zauna ba. Na dai sami kaina a ƙarshen tabarma, rawanina ya yi mini nauyi kamar an jiƙa shi, warin banda ya cika zaure, kowa ya san na wane ne.

Aka fara. Habu na gaskiya ya yi ta amsawa. Gwani bai yi Larabcin firgitarwa ba. Tambayoyinsa gajeru ne, in yaron ya kauce sai ya dawo da shi da tambaya ta biyu, ba tare da ya kunyata shi ba. Da rana ta ɗaga, Malam Ilu ya fara gyangyaɗi. Gwani ya dube shi, ya juyo ya dube ni. Na so ƙasa ta tsage.

Da aka zo faɗin ra'ayi, ni ne ƙarami, ni zan fara. Makomar yaron nan tana jiran bakina. Na daure na ce Habu ya cancanta, don kuwa ya cancanta. Sauran suka bi. Da aka zo kan baƙo ya ce shi ma ya yarda, sannan ya ƙara da cewa, "Sai dai ina da roƙo. Wannan malamin ya jarraba ni a cikin jirgi, alwala da gado, har yanzu bai faɗa mini ko na ci ba."

Zaure ya ɗauki dariya, har Liman da aka maimaita masa da ƙarfi. Malam Ilu ya share hawaye ya ce in ba da hukunci, majalisa na saurare. Na sunkuyar da kai na ce, "Ya ci, Allah ya gafarta Malam." Gwani ya ce alhamdulillahi, yanzu zai koma Barno da ƙwarin gwiwa.

Abin da ya sa har gobe nake yi masa addu'a shi ne iyakar abin da ya faɗa ke nan. Maganar kunnen Liman, da gyangyaɗin Malam Ilu, da rawanin mutanen Barno, bai fitar da ko ɗaya ba. Da ya fitar, da zamana na farko ya zama na ƙarshe. Da yamma na je masaukinsa na ba shi haƙuri, ya ce tambayar gadon mai kyau ce, in ci gaba da yi wa ɗalibai ita. A wata guda da ya yi a Haɗeja na karanci abin da ya sawwaƙa a gabansa, a sahun ɗalibai, kusa da Habu.

Na daɗe a majalisar nan, ɗalibai da yawa sun bi ta gabana, kuma na gode wa Allah. Abin da na koya shi ne, wanda aka ɗora wa auna ilimin mutane, ya fara da tambayar sunan wanda ke gabansa, ya kuma bari a ba shi amsa. Yanzu in na shiga jirgin fito, shiru nake yi har mu ƙetare. Mutane na cewa Malam zikiri yake yi. Ban taɓa gyara musu ba.