Rasuwar MaiAjiya, Wanda Bai Yarda Mutum Na Ƙiba Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da hasken ordinater, wato kwamfuta, ya riga ya mayar jajur, ni Aminu ɗan Tawa, mazaunin Yantala, ina sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar MaiAjiya, metaklas ɗin da na rubuta da hannuna, wanda ya cika a bironmu, wato ofishinmu, ranar Talata da hantsi, bayan jinyar da shi kansa bai taɓa yarda yana yi ba.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba: mu a biron Malam Jibo, manhaja muke yi wa teloli, su riƙa ajiye awon mutane a talho, wato wayar hannu. A harshen Python, aji kamar kwalin da tela ke ɗorawa ya yi yanka ne, daga gare shi kowane abu ke ɗaukar siffa. Metaklas kuwa shi ne mai yanka kwalin. Kafin a haifi aji sai ya biyo ta hannun MaiAjiya, shi zai yanke masa inda zai sa kayansa: gurbin wuya, gurbin kafaɗa, gurbin hannu, gurbin ƙugu. Abin da bai yanka wa gurbi ba, ba ya shiga.

Marigayin mai tattali ne. A zamaninsa tsohuwar talho mai fasasshen gilashi takan ɗauki awon unguwa guda ba ta yi nishi ba. Mai riƙon amana ne kuma, har amanar ta yi yawa. Na gina shi a kan cewa awon da aka shigar da farko shi ne gaskiya, don kada wani ya taɓa da kuskure. In aka kawo sabo, sai ya karɓa cikin ladabi, bai musa ba, ya yar, ya ci gaba da riƙe tsohon. Ba shi da yawan magana. Kalma ɗaya ya sani, AttributeError, yakan faɗe ta da jan rubutu duk sanda aka roƙe shi sabon gurbi, fankar ordinater na yi masa amshi, fuuu. Har yau in kuran, wato lantarki, ya ɗauke, ɗakin ya yi tsit, nakan ji kamar zai faɗa.

Ciwon ajali ya soma ne gab da Layya, a shagon Isaka tela na Lazaret, wanda shi ne ya fara yarda da mu, shi ya jawo mana sauran teloli. Alhaji Amadu mai sayar da tayal ya kawo masa shadda mai tsada. Isaka ya auna shi, ya shigar, ya yanka bisa abin da talho ta nuna. Abin da ta nuna kuwa ƙugun Alhaji ne na lokacin da yake yawo a kan babur, kafin Allah ya buɗa masa. Ranar gwaji wando ya hau har gwiwa, ya tsaya yana jiran izini.

Isaka ya zo biro da wandon a kafaɗa, ya shimfiɗa shi a kan teburina.

"Malam Aminu, wannan na wane ne?"

Na ce na Alhaji Amadu ne, ga sunansa a manhaja.

"To, je ka sa masa. Ni na gwada, har da matarsa muka ja."

Na yi masa bayani cewa marigayin bai yi ƙarya ba, Alhaji ne ya sauya. Isaka ya ce in bayan Layya abin bai gyaru ba, zai koma rubuta awo da alli a bango, kuma duk telolin Lazaret za su bi shi, don bango bai taɓa raina cikin kowa ba.

Na yi jinya iyakar ƙoƙarina. Na buɗe gurbin ƙugu, sai na kafaɗa ya rufe. Na rubuta wani metaklas ya riƙa lallashin na farko, suka yi faɗa a kan rabon gado, manhaja ta ƙi tashi gaba ɗaya. Malam Jibo ya tambaye ni ko akwai wanda ya fahimci marigayin ban da ni. Na ce babu, da alfahari. Daga baya na lura ba yabo yake yi ba.

Halimatou, abokiyar aikina da muka gama jami'a tare a Lamorde, ita aka ba marigayin ta duba. Ta karanta shi tun daga sama har ƙasa tana shan bisap, wato zoɓo, ta juyo.

"Aminu, aikin nan yana da kyau ƙwarai. Me yake yi?"

Na faɗa mata. Ta ce harshen ya daɗe da zuwa da nasa hanyar yin haka, ta rubuta 'yan layukan da ba su cika tafin hannu ba, ta cire shi. Komai ya tashi. Ƙugu ya karɓi sabon awo. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ko talho ɗaya ba ta yi kewarsa ba. Ta dafa kujerata ta ce, "Fonda tilas," yadda Zabarmawa ke gaisuwar mutuwa, amma na ga kafaɗunta na rawa.

Marigayin ya bar azuzuwa da dama, cikinsu har da Namiji, Mace, Yaro da Ango, dukansu sun koma hannun Halimatou kuma, abin kunya, suna cikin ƙoshin lafiya. Ya bar wando ɗaya da ba shi da mai shi. Ya bar ni, da wata takarda da na shirya gabatarwa a kansa a taron masu manhaja, wadda yanzu ban san ko ta koma ta'aziyya ba.

Za a goge fayil ɗinsa ranar Alhamis bayan la'asar, a bironmu na Yantala. Malam Jibo zai jagoranta, Halimatou za ta danna. Za a yi zaman makoki a fadarmu ta ƙofar biro, akwai shayi, Isaka ya yi alkawarin zuwa, Alhaji Amadu ya ce a gaishe mu. Ana roƙon masu zuwa kada su ce mini "ai ya huta," kada kuma su ce "ai mun huta." Ni an yarda in tsaya a kansa har a gama, bisa sharaɗin in bar kile USB ɗina a hannun mai gadi, kada in kwafe shi a ciki.